Hoton da Okeke Ya Yanke: Karatun Achebe a Ajin Gyaɗi-Gyaɗi

A shekarar 1952, lokacin Chinua Achebe yana ɗalibi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ya rubuta gajeren labari mai suna Marriage Is a Private Affair, wanda daga baya ya shiga kundinsa Girls at War na 1972. A zama ɗaya ake karance shi. Nnaemeka, ɗan ƙabilar Ibo mazaunin Legas, ya kamu da son Nene, malamar makaranta 'yar ƙabilar Ibibiyo daga Kalaba. A can ƙauye kuwa mahaifinsa Okeke ya riga ya yi masa mata, wato Ugoye 'yar maƙwabcinsu. Ɗa ya ƙi, uba ya yi fushi. Da aka aika masa hoton biki, sai ya yanke gefen amarya, ya mayar musu. Shekara takwas ana wannan gaba.

Malamin da ya kai labarin nan aji a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni a Kano, kafin ya rufe baki an ba shi amsa. Wasu su ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wasu su ce ai auren dole ne, Allah wadai. Amsar farko daga zauren gida aka taho da ita. Ta biyun kuwa daga littattafan soyayya da finafinan da ake shiryawa nan kusa, a Titin Gidan Zu. Duk cikinsu babu wadda ta fito daga takardar da ke gaban ɗalibi. Laifinmu ne mu malamai, da muka saba wa yara cewa kowane labari da darasinsa a rataye a wutsiya.

Ni dai da kalmomi nake farawa. Bahaushe bai taɓa zuba auren da iyaye suka ƙulla a kwando ɗaya ba: akwai auren dole, akwai na zumunci, akwai na sadaka, akwai haɗin da ake yi bayan an tambayi yaro da yarinya sun amince. Sai in ce su gaya mini wanne Okeke ya nufa. Nan gardama take kaurewa, domin wanda aka so a tilasta wa namiji ne. A adabinmu mace aka saba gani a wannan kujera. Zainab ta Jiki Magayi, dukiyar Malam Shehu ce ta raba ta da Abubakar. Abu ta Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, cire ta aka yi daga makaranta aka ba Sarkin Noma. Marubuciyar ma kanta tana ƙarama aka katse mata karatu aka yi mata aure.

Wurin da ya fi daɗin koyarwa shi ne batun ƙabila. Yaron Kano sau da yawa yana ganin duk wanda ya fito daga gabashin ƙasar nan abu guda ne. To ga Nnaemeka da Nene, addininsu ɗaya, yankinsu ɗaya a idonsa, me ya hana? Har dariya sukan yi wa Okeke. Sai in bari dariyar ta lafa, in tambaya: idan aka zo neman aure gidanku, me kawunnai suke bi su bincika? Asali. Ɗan wane ne, daga ina kakansa ya zo, gidan sarauta ne ko na malanta, ko kuwa gidan fawa, wanzanci ko ƙira? Alƙibla ɗaya ake kallo, sahu ɗaya ake tsayawa, amma an sha fasa aure a kan wannan. Daga nan ajin yakan yi tsit. Hafsat Abdulwaheed ta taɓo wannan jijiya tun 1980 a So Aljannar Duniya, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga, inda Bafulatana ta so Balarabe dangi suka tayar da jijiyar wuya. Haɗa littafin nan da labarin Achebe a mako guda ya fi dogon bayani a allo amfani.

Kada kuma a bari yara su mayar da Okeke jahili. Mutum ne mai riƙo da addininsa. Da maganar Manzo Bulus ya kafa hujja cewa bai dace mace ta koyar ba, kuma da mutanen gari suka ba shi shawarar a nemo mai magani ya karkato da zuciyar yaron, ƙi ya yi. Ɗalibanmu 'yan Islamiyya ne, sun san kafa hujja da nassi. Wanda ya karanta Risala zai kawo ikon da mazhabar Malikiyya ta ba uba a kan 'yarsa budurwa. Wata ta mayar masa da hadisin Khansa'u bint Khizam, bazawarar da Annabi (SAW) ya warware auren da mahaifinta ya ɗaura mata ba da sonta ba. Malamin adabi ba alƙali ba ne, kuma ba muftin unguwa ba. Nasa shi ne ya mayar da su kan takarda, su gano abin da tsohon yake tsoro.

Achebe bai nuna mana sulhu ba. Nene ta rubuto wa Okeke wasiƙa cewa jikokinsa maza biyu suna son ganin kakansu. Hadari ya haɗo, ruwan farko ya sauko, tsoho ya kwana yana juyi, yana tsoron kada ya mutu bai gyara ba. Nan aka tsaya, kuma yara kan ji haushin haka, don fim ya saba musu da yafiya da hawaye a ƙarshe.

Aikin gida da nake bayarwa guda ne. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016, 'yan mata da dama sun san gajeren labari abu ne da su ma za su iya rubutawa. Sai in ce kowa ya kawo shafi biyu da bakin Ugoye. An zaɓe ta, an ƙi ta, kuma daga farkon labarin har ƙarshensa ba ta furta ko kalma ɗaya ba.