Abin Da Ya Hana Waɗansu Amurkawa Rabuwa Da Tsofaffin Motocinsu

A ƙasar Amurka akwai wani irin motoci da mutanen can su ke kira da wani suna mai ma'anar motoci masu ƙwanji, saboda girman injinsu da ƙarar da su ke yi. An ƙera su ne daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, watau yau sun haura shekara hamsin. Duk da haka idan ka kira ɗaya daga cikinsu akwala a gaban mai ita, to, ka ja wa kanka faɗa. Mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu dalilin wannan ƙauna.

Asalin abin a birnin Detroit da kewayensa ne. A 1964 wani injiniya na kamfanin Pontiac mai suna John DeLorean, shi da abokan aikinsa, suka ɗauki babban inji mai silinda takwas suka ɗora wa matsakaiciyar mota, suka sa mata suna GTO. An zaci 5,000 za a sayar, sai ga shi an sayar da fiye da 32,000 a shekarar farko. Ran 17 ga Afrilu na wannan shekara kamfanin Ford ya fito da Mustang, mai alamar dokin jeji a goshi, a kan dala 2,368, kafin shekara biyu an ƙera miliyan ɗaya. Sa'an nan Dodge Charger da Chevrolet Camaro da Plymouth Road Runner suka biyo baya, har akwai mai ƙarfin doki 425. Da yawa daga cikin masu saye kuwa samari ne da 'yan mata.

Zamanin bai daɗe ba. Kuɗin inshora ya hau, a 1970 aka kafa dokar rage hayaƙi, a 1973 kuma ƙasashen Larabawa suka hana Amurka man fetur, mota mai shan mai ta zama kaya. Aka sayar da su da arha, waɗansu aka farfasa. A nan ne aka gane masu ƙauna ta gaskiya, domin su turawa suka yi cikin gareji suka lulluɓe, suka ƙi sayarwa.

Ga misalin wata malamar makaranta ta birnin Shikago. Tana da shekara 22 ta sayi Mustang shuɗiya ran 15 ga Afrilu 1964, kwana biyu kafin a fara sayarwa a fili. Ta yi aure, ta haihu, tana ɗaukar 'ya'yanta a cikinta, har motar ta tsaya a 1979. Shekara 27 tana ajiye tana tare wuri, maigidan kuwa ya ƙi yarda a rabu da ita, ya ce shi zai gyara in ya bar aiki. Haka kuwa aka yi, motar ta sake hawa titi.

Akwai kuma koriyar Mustang wadda ɗan wasa Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968. Wani magidanci ya saye ta a 1974, matarsa, ita ma malama, tana zuwa makaranta da ita. A 1977 McQueen da kansa ya rubuto takarda yana roƙo a sayar masa, magidancin ya ƙi. Motar ta lalace a 1980, uba da ɗa suka yi niyyar gyara ta tare, amma ajali ya riga su, uban ya rasu a 2014. Ɗan ya ƙarasa aikin shi kaɗai, ya nuna ta a Detroit a 2018, sa'an nan a 2020 ya kai ta gwanjo, aka saya dala miliyan 3.4.

To, mene ne ya ke riƙe mutum haka? Mu a ganinmu ba ƙarfe ba ne, domin motocin yanzu sun fi waɗannan sauƙin mai da kyawun birki. Abu na farko, injinsu a fili ya ke, mai mota da kayan aikinsa ya kan kwance ya ɗaura, ɗansa yana miƙo masa sifana, abin da mutum ya sha wahalarsa da hannunsa kuwa ya kan shiga ransa. Na biyu, waɗansu kamfanonin sun tafi: an rufe Plymouth a 2001, Pontiac a 2010, wadda ta salwanta ba ta da madadi. Na uku, wanda ya fi duka, cikin motar nan mutum ya je zance, cikinta ya ɗauko jaririnsa daga asibiti, da ya ji ƙarar injin sai ƙuruciyarsa ta dawo masa. Wanda ya taɓa ganin dattijo ya ƙi sayar da tsohon dokinsa ba zai yi mamaki ba.

Tun 1995, ko wane watan Agusta dubban masu irin waɗannan motoci su kan taru a titin Woodward na Detroit, suna tafiya sannu-sannu, jikoki a kujerar baya. Yawancinsu sun yi furfura, tsadar motocin kuwa ta jawo 'yan kasuwa. Abin da ke damun dattawan nan shi ne ko magadansu za su ga abin da su su ke gani, ko kuwa kuɗi kaɗai za su gani.