Agatha Christie: Mai haɗa magani, mai waƙa, wadda littafinta ya ceci ran jaririya

Likitocin asibitin Hammersmith da ke birnin Landan sun yi iya yinsu, amma jikin yarinyar sai ƙara tsananta yake yi. Watanninta 19 a duniya. An ɗauko ta a jirgi daga ƙasar Katar ba ta san inda kanta yake ba, kuma gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna abin da ke damunta ba. Ana cikin haka sai gashin kanta ya soma zubewa.

Wata malamar asibiti da ke kula da ita ce ta ce ta ci karo da irin waɗannan alamomi a littafin da take karantawa, wani ƙagaggen labarin kisan kai mai suna The Pale Horse, wanda masu karatun Faransanci suka sani da Le Cheval pâle. A cikinsa an kashe mutane da wata guba mai suna taliyom. Likitoci suka aika fitsarin yarinyar ɗakin binciken ƴan sandan Landan, sakamako ya tabbatar da zaton malamar. Ashe maganin kyankyaso da ake zubawa a gidansu ne ya shiga cikinta. Aka ba ta magani, ta warke.

Labarin ya bazu a jaridu a shekara ta 1977, lokacin da marubuciyar littafin, Agatha Christie, ta shekara guda a kabari. Ta rasu ran 12 ga watan Janairun 1976.

Daga ɗakin jinya zuwa farmasi

An haifi Agatha Christie a 1890 a garin Torquay da ke kudu maso yammacin Ingila. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ta shiga aikin sa kai na jinyar sojojin da aka jikkata. Daga baya aka mai da ita sashen haɗa magunguna, ta kuma ci jarrabawar mataimakan masu farmasi a 1917.

A wancan zamani da hannu ake auna garin magani a kan sikeli, a dama, a zuba a kwalba. Kuskuren ɗigo ɗaya kan iya zama ajali. A tarihin rayuwarta ta ba da labarin wani mai farmasi da ya koya mata aiki, wanda wata rana ya yi kuskuren lissafi har ƙarfin magani ya ninka sau 10. Ba ta da bakin gyara wa malaminta, don haka ta yi kamar tuntuɓe, ta ɓarar da maganin ta tattake shi.

Lokutan da aiki ya yi sauƙi ne ta soma tsara littafinta na farko, The Mysterious Affair at Styles, wanda ya fito a 1920. Nan ne jami'in bincike Hercule Poirot ya fara bayyana. Sirrin kisan ya rataya ne a kan abin da mai haɗa magani kaɗai zai lura da shi: yadda sinadari mai ƙarfi kan kwanta a gindin kwalba, kurɓin ƙarshe ya zama mai kisa. Mujallar masu farmasi ta Birtaniya ta yaba da yadda ba ta yi kuskure a bayanin ba.

Waƙoƙin da suna ya danne

Littattafan bincike 66 da ta rubuta sun rufe wani ɓangare na alƙalaminta. Tun tana ƙarama take waƙa, kuma a 1925 ta buga kundin waƙoƙi mai suna The Road of Dreams da kuɗin aljihunta. Bai yi kasuwa ba. Duk da haka ba ta saki waƙa ba, domin a 1973, tana da shekaru 83, wani kundin ya sake fitowa.

Cikin waƙoƙin akwai guda da ta yi wa ɗakin haɗa magani, inda take duban kwalabe jere a kan kanta, tana ganin waraka da mutuwa zaune wuri ɗaya. Tunanin nan ne ya bi ta har cikin labaranta: abin da ke warkarwa shi ne ke kashewa, awo ne kawai ya raba su.

Gubar da aka ɗauka sihiri ce

A Yaƙin Duniya na Biyu ta koma aikin farmasi a wani babban asibitin koyarwa na Landan. Shugaban sashen, Harold Davis, shi ya ja hankalinta ga taliyom, sinadarin da William Crookes ya gano a 1861. Ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Jiki kan ɗauke shi a matsayin fotasiyom, gishirin da jijiyoyi ke buƙata, sai ya buɗe masa ƙofa. Ciwon kan fara da murɗar ciki da amai, ya koma zafi da mutuwar jiki a tafin ƙafa, sai bayan mako biyu zuwa uku gashi ya zube. Saboda alamomin sun yi kama da na cututtuka da yawa, likita kan iya bin wata hanyar daban. Maƙarinsa wani sinadari ne mai launin shuɗi da ake kira shuɗin Furusiya, wanda ke kama gubar a hanji ya fitar da ita.

A littafin, wanda ya fito a 1961, ana zargin wasu mata uku masu tsafi da kashe mutane daga nesa. Ƙarshe sai ta bayyana tsafin lulluɓi ne, guba ce ke aikin.

Kaifi biyu

Ba kowa ne ya yi wa littafin kallon alheri ba. A 1971 aka kama Graham Young, ma'aikacin wani kamfani a Ingila, wanda ya riƙa zuba wa abokan aikinsa guba a shayi, biyu suka mutu. An yanke masa ɗaurin rai da rai a 1972, wasu kuma suka zargi littafin da koya wa masu laifi dabara. Sai dai Young ya soma sa wa mutane guba tun yana yaro, har an tsare shi a kan haka a 1962. A 1972 Amurka ta haramta amfani da taliyom a maganin ɓera, ƙasashe da dama ma sun hana.

Darasin da bai tsufa ba

Abin da ya kai yarinyar Katar bakin mutuwa ba makirci ba ne, maganin ƙwari ne da aka bari inda hannun yaro ke kaiwa. A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ana sayar da maganin ɓera da na ƙwari, wani lokaci a ƙullin leda ko tsohuwar robar ruwa, babu suna babu bayani. Idan yaro ya sha, ma'aikatan lafiya na gargaɗin kada a sa shi amai da ƙarfi, kada kuma a dogara da nono ko mai a matsayin maƙari. A garzaya da shi asibiti tare da ledar ko kwalbar, domin sanin sunan guba rabin magani ne.

Akwai kuma abin da ya rage ga marubutan Hausa, waɗanda labaransu ke cike da kishiya, sammu da ciwon da aka rasa kansa. Mai karatu kan riƙe abin da ya gani a labari fiye da abin da ya ji a lacca. Da a ce Agatha Christie ta ƙirƙiri alamomin ciwon daga kanta, da malamar asibitin Hammersmith ta rufe littafin ba ta gane komai ba.