Kiristocin Kafanchan Tsakanin Gafara Da Neman Adalci

Albarkacin jirgin ƙasa ne Kafanchan ta zama babban gari. A cikin shekarar 1927 hanyar dogo wadda ta taso daga Fatakwal ta nufi Kaduna ta yi reshe a nan zuwa Jos, sai wurin ya zama mahaɗa. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, Ibo da Yarabawa da Hausawa, suka yi ta zuwa suna tarar da mutanen Fantswam da Kaninkon da Bajju da Kagoro a ƙasarsu ta gado. Ba a daɗe ba kuma fadar Sarkin Jema'a ta komo garin. Tun daga wannan lokaci zaman Kafanchan ya zama na cuɗanya, ga coci ga masallaci, kowa kuma kasuwa ɗaya yake ci.

To, amma Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Daga shekarar 1987 zuwa yau an sha zubar da jini a wannan gari da ƙasar da ke kewaye da shi. Saboda haka akwai wata tambaya da ke damun Kiristocin wurin fiye da kowace, ana jin ta a wa'azin Lahadi, ana jin ta a gidan makoki. Tambayar kuwa ita ce, yaya mutum zai gafarta wa wanda ya cuce shi, kamar yadda addininsa ya umarce shi, alhali mai laifin bai tuba ba, hukuma kuma ba ta hukunta shi ba?

Yadda Addinin Ya Kafu

Kafin a gane nauyin wannan tambaya sai an san yadda addinin Kirista ya yi saiwa a ƙasar. 'Yan mishan na ƙungiyar S.I.M. sun sauka a Kwoi, ƙasar Jaba, a shekarar 1910, daga baya suka kafa tasha a Kagoro, inda suka buɗe makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a farkon shekarun 1930. Wannan makaranta tana nan har yanzu tana horar da fastoci. Daga aikin S.I.M. ne ikilisiyar E.C.W.A. ta fito a shekarar 1954. 'Yan Katolika da Angilikan da Baftis su ma sun kafa majami'u da makarantu da asibitoci. Angilikan sun mai da Kafanchan mazaunin bishop a 1990, Katolika kuwa a 1995.

Abin lura a nan shi ne harshen da aka yi aikin da shi. Ƙasar tana da harsuna masu yawa, har ya zamana tafiyar 'yan mil kaɗan takan kai mutum inda ba a jin yarensa. Don haka 'yan mishan suka ɗauki Hausa, musamman bayan da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekarar 1932, aikin da Likita Mila na Wusasa ya ba da ƙarfinsa a kai. Har yau a ƙauyuka da yawa da Hausa ake sujada, da ita ake waƙa, da ita ake jana'iza. Kirista a Kafanchan yana cewa Allah, da addu'a, da azumi, da zakka, da tuba, da gafara, watau kalmomin da maƙwabcinsa Musulmi yake amfani da su kullum, ko da yake kowa da yadda addininsa ya fassara masa su.

Ƙasar ta kuma fitar da malaman addini waɗanda sunansu ya wuce Nijeriya. Marigayi Dokta Byang Kato, haifaffen Kwoi a 1936, ya zama babban sakataren ƙungiyar ikilisiyoyin bishara ta Afirka a 1973, ya rasu a teku kusa da Mombasa ta ƙasar Kenya a watan Disamba na 1975. Koyarwarsa ita ce mutum yana iya zama Kirista na sosai ba tare da ya yar da zamansa ɗan Afirka ba, amma kowace al'ada, ta Bature ko ta baƙar fata, sai an auna ta da Littafi. Ramuwar gayya kuwa tana cikin al'adun da wannan ma'auni bai bari ba.

A Gona Da Gida

Ga talakan Kafanchan addini ba ya ƙarewa da tashi daga sujadar Lahadi. Wanda ya fi kowa nuna haka shi ne Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya masu ɗaura zane iri ɗaya, masu waƙa da kiɗan tulu da caki. Su ne masu zuwa gaisuwar mara lafiya, su ne masu girki a gidan rasuwa, su ne masu tara gudummawa domin gwauruwa da maraya. Sa'ad da aka kai hari wani ƙauye mutane suka gudo gari, sau da yawa harabar coci ce masaukinsu na farko, waɗannan mata kuma su ne ke ɗora tukunya.

Tattalin ikilisiya kansa a gona yake. Kudancin Jihar Kaduna ne ke noma mafi yawan cittar Nijeriya, da kuɗinta kuwa ake biyan kuɗin makaranta, ake yin aure, ake ba da baiko ranar godiyar kaka. A daminar 2023, da wata cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Jema'a da maƙwabtansu ta ruɓar da ita a ƙasa, kowane gida ya ji a jikinsa. Manoma da yawa sun rasa har irin da za su shuka baɗi. Wanda ya ci bashi ya yi noma ya rasa abin biya.

Fastoci da limaman Katolika suna yawan yin wa'azi a kan shaye-shayen matasa, da rashin aikin yi, da tsadar aure da ta jana'iza. Dalilinsu a fili yake. Saurayin da ya gama makaranta ya rasa aiki, gonar ubansa kuma ba ta shiguwa saboda tsoron 'yan bindiga, shi ne wanda ya fi saurin karɓar kiran ramuwa.

Shekarun Jarrabawa

Ran 6 ga watan Maris na shekarar 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan, a wurin wani taron wa'azi na ɗalibai Kirista, bayan da ɗalibai Musulmi suka ce mai wa'azin ya taɓa addininsu. Faɗan ya fita daga makaranta ya shiga gari, aka kashe mutane, aka ƙona masallatai. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, inda aka ƙona majami'u fiye da ɗari. A 1992 aka yi na Zangon Kataf, wanda ya faro daga gardamar mayar da kasuwa wani wuri. A watan Mayu na 1999 Kafanchan ta sake rikicewa a kan naɗin sabon Sarkin Jema'a.

Bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Afrilu 2011 aka yi wanda ya fi muni. A garuruwan arewa an kashe Kiristoci an ƙona majami'u. A Zonkwa da Matsirga da Kafanchan kuwa ɗaruruwan mutane suka hallaka, mafi yawansu Musulmi, babbar kasuwar Kafanchan kuma ta ƙone. Wannan ne ya sa maganar gafara a ƙasar take da fuska biyu, domin wanda yake neman a ba shi haƙuri a kan wani abu, akwai kuma wanda yake jiran nasa haƙurin a kan wani.

Daga nan sai hare-haren dare a ƙauyuka suka yawaita. A jajiberin Kirsimeti na 2016 aka faɗa wa Goska, kusa da Kafanchan. A ƙarshen wannan shekara shugabannin Katolika na Kafanchan suka ba da sanarwa cewa an kashe mutum 808 a ƙauyuka 53, hukumomin gwamnati kuwa suka ce adadin bai kai haka ba. Su kansu malaman addini ba su tsira ba. An sace Fada John Mark Cheitnum aka kashe shi a watan Yuli na 2022. A watan Satumba na 2023 wani ɗalibi mai koyon aikin limanci, Na'aman Danlami, ya mutu a cikin wutar da maharan suka sa wa gidan fada a Fadan Kamantan. A watan Maris na 2025 aka sace Fada Sylvester Okechukwu a Tachira, ƙaramar hukumar Kaura, aka kashe shi.

Muhawara A Cikin Ikilisiya

A gaban irin wannan hali masu bi ba su zama baki ɗaya ba. Waɗansu suna riƙe da cewa aikin Kirista shi ne haƙuri da addu'a, ya bar wa Allah sakayya, domin Almasihu ya yi wa masu gicciye shi roƙon gafara tun ba su nema ba. Waɗansu kuwa, musamman matasa, suna ganin an mai da haƙurinsu wauta, wa'azin gafara kuma ya zama hanyar rufe bakin wanda aka zalunta.

Yawancin shugabannin ikilisiya sun bi wata hanya a tsakanin biyun. A koyarwarsu gafara aikin zuciya ne, watau mutum ya saki ƙiyayya, ya ƙi ɗaukar fansa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Hukunta mai laifi kuwa aikin hukuma ne, kuma yin gafara bai ɗauke wa hukuma wannan nauyi ba. Koyarwar Katolika ta yarda mutum ya kare ransa da na iyalinsa idan an faɗa masa, amma ta hana ramuwa. Marigayi Bishop Joseph Danlami Bagobiri, wanda ya riƙe Katolikan Kafanchan daga 1995 har rasuwarsa a watan Fabrairu na 2018, ya yi suna wajen faɗa wa gwamnati a fili cewa ta kasa tsare rayukan jama'a. Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato, ɗan ƙasar Zangon Kataf, wanda ya yi sakataren kwamitin Mai Shari'a Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan Adam, ya daɗe yana nuna cewa sulhun da ba a gina shi a kan gaskiya da adalci ba ba ya ɗorewa.

Akwai kuma misalin da ake yawan kawowa daga Kaduna. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa sun kasance abokan gaba a tarzomar 1992. Faston ya rasa hannunsa, limamin ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, suka yi ta aiki tare a Nijeriya da ƙasashen waje. Dukansu biyu sun bayyana cewa cire ƙullin zuciya ya ɗauke su shekaru.

Allon Samarun Kataf

An taɓa gwada wannan hanya a ƙasar gaba ɗaya. Ran 23 ga watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar, watau Jema'a da Kachia da Kaura da Sanga da Zangon Kataf, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, bayan watanni ana tattaunawa a ƙarƙashin jagorancin Alice Nderitu, 'yar ƙasar Kenya. Manoma da makiyaya, Kirista da Musulmi, kowane ɓangare ya faɗi kokensa, ya kuma yarda cewa shi ma yana da hannu a ɓarnar da aka yi. A watan Nuwamba na wannan shekara aka kafa wani babban allo a Samarun Kataf mai ɗauke da neman gafarar da al'ummomin suka yi wa juna. Ba a daɗe ba waɗansu suka lalata allon, bayan 'yan makonni kuma aka kai harin Goska.

Masu lura da al'amuran ƙasar sun ɗauki darasi daga wannan. Jama'a sun yi nasu, sun nemi gafarar juna a bainar mutane, abin da yake da wuya ƙwarai. Abin da ya rage shi ne na hukuma, watau kama mai laifi ko daga wane ɓangare yake, da gurfanar da shi gaban shari'a, da biyan diyya, da mayar da waɗanda suka gudu gidajensu. An nada kwamitocin bincike bayan 1987 da 1992 da 2011, amma kukan da kowane ɓangare yake yi shi ne masu kisa kaɗan ne suka fuskanci hukunci. Inda hukuma ta saurari koke kuwa an ga amfaninsa, kamar sarautun gargajiya da aka ba Atyap da Bajju a 1995, da waɗanda aka ƙara a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, ciki har da ta Fantswam, abin da ya rage wata tsohuwar gardama.

Har yanzu dai manomin citta Kirista yana sayar wa ɗan kasuwa Musulmi, matan gari suna sayen nono a hannun Fulani, kuma da Hausa ake yin cinikin. Muddin wannan hulɗa tana nan, wa'azin gafara yana da inda zai sauka. Sai dai limaman coci suna iya roƙon gwauruwa ta yi haƙuri ne kawai, ba su da ikon kamo wanda ya kashe mijinta. Wannan aiki yana wuyan 'yan sanda da alƙalai da gwamnati. Allah ya ba ƙasar Kafanchan da Nijeriya baki ɗaya zaman lafiya mai ɗorewa, amin.