Ƙwaƙwalwar Mota: Yadda Take Riƙe Bayani da Inda Take Samun Wuta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin na'urar da direbobi da kanikawa suke kira ƙwaƙwalwar mota, ta fuskar yadda take adana bayani da hanyoyin da wuta take isa gare ta, tare da la'akari da harkar sufuri a Ikara da Maƙarfi da Kudan. Maƙalar ta nuna cewa ma'ajiya uku ce a cikin na'urar, kuma rashin bambance su a harshe yakan jawo wa mai mota asara.

1.0 Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, a arewacin Jihar Kaduna, sun shahara da noman rake da tumatir da masara. Amfanin gonar nan kuwa a mota yake isa Zariya da Kano. A da, irin su Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, da kafireta suke aiki, bakanike yana saita su da kunne da sukudireba. A yau mafi yawan ƙananan motocin haya, irin su Golf da Sharan, na'ura ce take auna musu mai da iska, ta kuma tsara lokacin tartsatsin fulogi. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da tsarin fesa mai na lantarki a motar Volkswagen a 1967, sannan a 1979 ya fito da Motronic, wanda ya haɗa sarrafa mai da wuta a na'ura guda.

2.0 Ma'ajiyoyi Uku

Ta farko ita ce ma'ajiyar dindindin. A cikinta kamfani yake zuba umarnin sarrafa inji da jadawalin yawan man da ya dace da kowane gudu da kowane nauyi. Ana riƙe bayanin ne ta hanyar tsare cajin lantarki a cikin ƙananan ɗakuna masu shinge, don haka ko mota ta shekara ba batir, umarnin yana nan daram. Matsayinta matsayin littafin da aka buga.

Ta biyu ita ce ma'ajiyar shaida. Ita ma ba ta buƙatar wuta kafin ta riƙe abin da ke cikinta, sai dai na'urar tana iya gogewa ta sake rubutawa kaɗan-kaɗan. A nan akan ajiye lambar shaidar mota da lambar sirrin makulli. Wannan ne dalilin da ya sa idan aka ciro ƙwaƙwalwa daga wata mota aka ɗaura wa wata, sau da yawa injin yakan ƙi tashi, har sai an daidaita ta da makullin.

Ta uku ita ce ma'ajiyar raye, wadda ba ta riƙe komai sai da wuta. Misalinta misalin wanda aka aika da saƙon baka, yana tafe yana nanatawa: da zarar ya yi shiru na ɗan lokaci, saƙo ya ɓace. A motoci da dama, musamman tsofaffi, a nan na'urar take ajiye abin da ta koya daga halin injin. Idan ƙurar hunturu ta dasƙare a maƙogwaron iska, ko bututun fesa mai ya fara toshewa, sai ta riƙa ƙara mai ko ragewa bisa abin da ma'aunin iskar salansa ya gaya mata, ta kuma riƙe wannan gyaran. Lambobin matsala da ke kunna fitilar gargaɗi a gaban direba su ma sukan zauna a nan.

3.0 Hanyoyin Wuta

Lafiyayyen batir yana ba da kimanin bolt 12.6 idan mota tana tsaye. Idan inji ya tashi, altaneta takan ɗaga wutar zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. Sassan cikin ƙwaƙwalwa ba sa jure wannan ƙarfi, saboda haka akwai abin da yake rage wutar zuwa bolt 5, wadda ita ce kuma ake aika wa ma'aunai da yawa.

Wuta tana shiga ta hanya biyu. Ɗaya tana tasowa daga batir kai tsaye ta cikin fis, ba ta yankewa ko an zare makulli. Ita ce take ciyar da ma'ajiyar raye. Ɗayar tana bi ta babban rile, ba ta zuwa sai an murɗa makulli. Ita ce take tayar da na'urar ta soma aiki. Dukkansu sun dogara da wayar ƙasa da aka ɗaure a jikin inji ko bodi. Tsatsa ko sakwarkwacewa a wannan mahaɗi sukan sa a zargi ƙwaƙwalwa alhali lafiyarta lau.

Abin da mota mai lafiya take zuƙa tana kashe ba ya cika wuce miliamfa 50. Kaɗan ne, amma yau da gobe ba ta bar komai ba: motar da aka jingine makonni bayan kakar rake tana iya wayar gari batirinta ya sauka.

4.0 Inda Asara Take Shigowa

Al'adu uku na gareji sun cancanci a sake duba su. Na ɗaya, cire kan batir domin a kashe fitilar gargaɗi. Fitilar takan mutu, cutar tana nan, an dai goge shaidar da za ta kai ga gano ta. Bayan haka injin yakan yi ta rawa ko mutuwa a tsaye har ya sake koyon halinsa. Hanyar da ta dace ita ce a karanta lambar da na'urar bincike ta soket mai ƙafa 16, wato tsarin OBD-II da Amurka ta wajabta daga 1996, Tarayyar Turai kuma ta wajabta makamancinsa ga motocin fetur daga 2001.

Na biyu, zare kan batir inji yana aiki domin a gwada ko altaneta tana caji. Batir shi ne yake shanye hauhawar wuta. Idan aka cire shi, wutar tana iya yin tsalle ta ninka sau da yawa cikin ƙiftawar ido, ta ƙone ƙwaƙwalwa. Mitar awon wuta tana ba da amsar ba tare da wannan kasada ba. Na uku, juya wayoyi yayin jona batir da batir, ko yin walda a jikin mota ba a cire batir ba. Ga wanda ya yi lodin tumatir a Hunƙuyi, lalacewar ƙwaƙwalwa asara biyu ce: kuɗin sayen wata, da kayan da ba sa jiran gyara.

5.0 Kammalawa

Kalmar ƙwaƙwalwa ta zauna a bakin jama'a, kuma ta dace, domin na'urar tana karɓar saƙo, ta yanke hukunci, ta tuna. Gazawarta ita ce ta dunƙule abubuwa uku a suna ɗaya. Bakaniken da ya ce ƙwaƙwalwa ta manta, da wanda ya ce ta ƙone, da wanda ya ce ba ta gane makulli, matsaloli uku suke nufi, kowace da maganinta da farashinta. Sunayen da aka gabatar a nan shawara ce ga masu aikin ƙirƙirar kalmomi. Gwajinsu na gaskiya yana bakin gareji: wanda kanikawa da yaransu suka ɗauka, shi ne zai rayu.