Motar da ke amsa kowace sallama

A shekarar 2015 wasu masana tsaron kwamfuta biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka kutsa cikin wata Jeep Cherokee ta intanet suna zaune a gida, motar kuwa tana gudu a babbar hanya kusa da St. Louis a Amurka. Suka kunna mata rediyo, suka hana ta jan gudu. Dole kamfanin Fiat Chrysler da ya ƙera ta ya kira motoci miliyan 1.4 domin gyara. Abin da ya ba su ƙofa shi ne na'urar sadarwar motar mai suna Uconnect tana amsa duk wanda ya kira ta ta layin wayar Sprint, na'urorin cikin motar kuma suna magana da juna ta tsarin CAN da Bosch ya fitar a 1986, wanda bai tanadi hanyar gane mai aiko da saƙo ba. Gida ne babu zaure, baƙo na sallama sai ya tsinci kansa a ɗakin maigida.

Yanzu da ake ƙera motocin da ke sanar da juna inda suke da gudunsu sau 10 a daƙiƙa, haɗarin ya ninku, domin saƙon ƙarya ɗaya na iya sa mota ta taka birki a tsakiyar titi. A ganina maganin yana bakin ƙofa: kada a saurari na'urar da ba ta nuna shaidarta ba, a kuma raba layin rediyo da na birki. Masu suka na cewa shaidar za ta sa a riƙa bibiyar direba duk inda ya je. Damuwa ce ta gaskiya, shi ya sa ake ba mota shaidu da yawa marasa suna tana sauyawa, a soke na wadda ta yi ƙarya. Batun tsada kuwa, a tambayi wanda ya gyara motoci miliyan 1.4.

Tun Yulin 2024 Tarayyar Turai ta wajabta wa duk sabuwar mota cika ƙa'idar tsaron kwamfuta ta R155. Amma motoci na hannu da ke shigowa ta Legas da Kwatano da yawansu sun girmi dokar. Mai saye, ka tambayi dillali ko an sabunta manhajar motar kafin ka biya.