Tarkacen gida da lafiyar iyali: Yadda ɓera ke samun masauki a gidajen Jalingo

Daga watan Disamba zuwa Afrilu, idan ciyawa ta bushe aka fara cinna wa daji wuta, ɓeraye kan baro gonaki su nufi gidajen mutane. A wannan tsakanin ne kuma zazzaɓin Lassa ya fi ƙamari, kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo na cikin asibitocin da ke karɓar masu fama da shi. Rahotannin Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, na 2024 da 2025 sun sanya Taraba a sahun gaba tare da Ondo da Edo da Bauchi wajen yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu.

An fara gano cutar a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da ita. Shi ba ta kwantar da shi, amma yana zubar da ƙwayarta a fitsarinsa da kashinsa, a kan hatsi, cikin kwano, ko a ƙurar da tsintsiya za ta tayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa jin jiki sosai. Sauran su ne ake kwana a kansu a asibiti, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai masu rasa jinsu.

An saba ɗora laifin a kan bola da kwata. Akwai gaskiya a nan, sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Abuja zuwa Jalingo yakan iso da kwalayen da wasunsu ba za a buɗe ba har a sake mayar da shi. Da kaka kuma, ganin arahar masara da shinkafa da doya a Taraba, sai ya sayi buhu biyar ko goma ya jibge a sito. Dabara ce mai kyau a wannan tsadar, ba mai musu. Matsalar ita ce abin da buhunan ke jingine da shi: tsohuwar katifa, tarin jaridu da fayil-fayil, matacciyar talabijin, takalman yaran da suka riga suka shiga jami'a. Abinci ga shi, mafaka ga ta, duhu ga shi. Ɓera ba ya neman ƙari.

Ɗakin uwargida ma yana da nasa. Kayan jere abin alfahari ne, kuma da wuya mace ta rabu da kwalla ko samirar da mahaifiyarta ta saya mata. Amma kabad ɗin da aka shekara uku ba a ja shi daga bango ba, ba wanda ya san abin da ke bayansa. Ko babu ɓera, ƙura da kyankyasai na tayar wa yara asma, tsohuwar taya da gwangwanin da ke bayan ɗaki kuma su tara wa sauro ruwa da damina.

Batun ƙiba, wanda ake yawan haɗawa da tarkace a rubuce-rubucen Turai da Amurka, hujjarsa ba ta kai wannan ƙarfi ba. A 2010 wasu masu bincike biyu, Darby Saxbe da Rena Repetti, sun gano cewa matan Los Angeles da suka kwatanta gidajensu a matsayin cunkusassu sun fi nuna alamun damuwa a sinadaran jikinsu. Wani gwaji na Jami'ar Cornell a 2016 ya nuna an fi cin biskit a hargitsattsen kicin, sai dai a 2018 jami'ar ta samu ɗaya daga cikin marubutansa da saɓa ƙa'idojin bincike. Abin da hankali zai ɗauka shi ne, kicin ɗin da ba wurin aza tukunya yakan tura mutum sayen na waje.

Gyaran bai kai kuɗin buhu ɗaya ba. A juye hatsi da gari cikin duro ko roba mai murfi, a ɗaga su daga ƙasa, a bar rata tsakaninsu da bango. A toshe ramuka da siminti. Kafin a share sito a yayyafa ruwa mai sinadarin bilic, a rufe hanci da baki, kada a ɗauki mushen ɓera da hannu. Alamun cutar kan bayyana cikin kwana 21 da kamuwa, kuma da farko sak maleriya ko taifod. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya bayan kwana biyu, a kai shi asibiti a gaya wa likita cewa akwai ɓera a gidan, domin maganin ribabirin da ake bayarwa ya fi amfani idan an fara shi da wuri.