Mai Shafin Intanet, Ina Ka Ajiye Kwafin Aikinka?

Daren 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara matsala sai ya ba da umarnin goge wani rumbun bayanai. A zatonsa na ko-ta-kwana ne yake gogewa, ashe na ainihi ne wanda jama'a ke aiki da shi. Kafin ya farga, kusan gigabait 300 sun tafi. Kamfanin na da hanyoyin ajiya har biyar, amma da aka duba, babu ko ɗaya da ke aiki yadda aka ɗauka. Abin da ya fid da su kunya shi ne wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin ɓarnar. Duk abin da ya shiga rumbun bayanan cikin awannin nan ya salwanta.

Idan ƙwararru sun ji jiki haka, ina ga mai ƙaramar jaridar intanet a Kano, ko makaranta a Maraɗi, ko 'yar kasuwar da ke sayar da atamfa ta shafinta? Da yawa an ba wani matashi kwangilar haɗa shafin ne, kalmar sirri na hannunsa, mai shafin kuwa bai taɓa tambayar inda kwafi yake ba. Sai ran da aka wayi gari shafi ya zama fari fat, ko kuɗin hayar ma'ajiyar shafin ya ƙare kamfanin da ya ba da hayar ya share komai, sannan a fara kiraye-kirayen waya.

Ya kamata a san cewa shafin da aka gina da WordPress, manhajar da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke amfani da ita, kashi biyu ne. Akwai fayiloli, wato hotuna da fasalin shafi da ƙananan manhajojin da ake jona masa. Akwai kuma rumbun bayanai, inda rubuce-rubuce da sunayen masu rajista da odar kwastomomi suke. Wanda ya kwafi ɗaya ya bar ɗaya bai yi ajiya ba. Manhajoji irin su UpdraftPlus na iya kwafar duka biyun a kan lokacin da ka tsara, haka ma akwai wurin sauke kwafi a cikin cPanel, allon sarrafa shafi da kamfanin haya kan ba ka.

Ƙaramin kuskure ba ya buƙatar dogon aiki. WordPress na adana tsofaffin zubin kowane rubutu, sai ka buɗe tarihin gyare-gyare ka zaɓi na jiya ka maido. Abin da ka jefa a kwandon shara ma yakan yi kwana 30 kafin ya goge. Amma kada wannan ya ruɗe ka, domin duk suna cikin rumbun bayanan ne. Idan shi ya lalace, tare za su tafi.

Sai batun ma'ajiya. Ranar 10 ga Maris 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVHcloud mai ba da hayar ma'ajiyar shafuka a birnin Sitirasbog na Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke. Wasu masu shafukan suna da kwafi, sai dai yana harabar da wutar ta ci. Manomin da ya ajiye irin shuka a rumbun da hatsinsa yake, wuta ɗaya ce za ta raba shi da duka biyun. Shi ya sa masana ke bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A aikace, ɗaya a wurin kamfanin da ka kama haya, ɗaya a Google Drive, ɗaya a faifan ajiya a gida.

Kada kuma sabon kwafi ya riƙa danne tsoho. Masu kutse kan yi makonni cikin shafi ba a sani ba, ka ga kwafin jiya ma yana ɗauke da cutar. Ajiye na kullum, na mako da na wata.

Ran da ɓarna ta auku, kada ka yi gaggawar danna maido. Fara kwafar shafin yadda yake a lalace, domin komawa kan kwafin makon jiya zai share duk oda da rubutun da suka shigo bayansa. Gano lokacin da matsalar ta fara, ka zaɓi kwafin da ya gabace ta. In kutse ne, canja duk kalmomin sirri. Wayback Machine, shafin da ke adana tsofaffin zubin shafukan intanet, na iya nuna maka wasu tsofaffin rubuce-rubucenka, amma ba zai dawo maka da rumbun bayanai ba.

Babban abin da ake sakaci da shi shi ne gwaji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk bayan 'yan watanni, sa a ɗora kwafin a wani shafin gwaji, ka buɗe da idonka ka ga hotuna da rubutu sun fito. Sannan ka kira mai kula da shafinka yau ka yi masa tambayoyi uku: yaushe aka ɗauki kwafi na ƙarshe, ina yake, kuma yaushe aka gwada shi? Ka tabbata rajistar shafin da ma'ajiyar da sunanka suke, kalmar sirrinsu kuma tana hannunka.